Ahdul Asdiƙa: tambayoyi da amsoshi kan Romeo, Alfredo da yaran bututun hayaƙi

Duk inda aka ɗauko hirar katun ɗin yarinta, tsakanin waɗanda suka tashi a gaban tashar Spacetoon, ba a daɗewa sai wani ya ambaci Alfredo, daga nan kuma hirar ta canza launi. Na tattara tambayoyin da suka fi yawan fitowa a irin wannan hira, na amsa su gwargwadon abin da na sani da kuma yadda nake ji game da shirin, domin ina cikin masu kewarsa. Wanda bai taɓa kallo ba ya sani cewa zan faɗi yadda labarin ya ƙare.

Wane shiri ne wannan, su wa suka yi shi?

Sunansa na asali da Japananci Romeo no Aoi Sora, amma da sunansa na Larabci, Ahdul Asdiƙa, aka fi saninsa a wajenmu. Kamfanin Nippon Animation na Japan ne ya shirya shi, tashar Fuji TV ta nuna shi daga Janairu zuwa Disamba na 1995, kashi 33. Kozo Kusuba ne ya ba da umarni, Michiru Shimada ta tsara labarin, Yoshiharu Sato kuma ya zana kamannin mutanen ciki.

Yana cikin jerin shirye-shiryen da ake kira World Masterpiece Theater, inda a wancan lokaci kamfanin kan ɗauki littafin yara guda ɗaya daga adabin duniya, ya mayar da shi katun, a yi ta nuna shi duk daren Lahadi har shekara ta zagayo. Daga wannan gida ne Marco mai neman mahaifiyarsa ya fito a 1976, da Sara wadda Larabawa suka kira Sali a 1985, da Remi a 1996. Wanda ya kalli ɗaya daga cikinsu ya san halin gidan: yaro ƙarami, rabuwa da iyaye, doguwar wahala, da labarin da ba ya gaggawa.

Ta ina ya iso gare mu, alhali na Japan ne?

Ta hanyar Larabci. Cibiyar Az-Zuhra da ke Dimashƙu a Siriya ce ta ɗora masa muryoyi, Spacetoon kuma, wadda ta fara aiki a 2000, ta yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Tashar kyauta ce ga duk gidan da ke da dish mai kamo tashoshin Larabawa. Yaran Hausawa da suka tashi a Sudan ko Saudiyya suna jin komai kai tsaye. Na gida kuwa abin da ya taimake su shi ne da daidaitaccen Larabci aka yi fassarar, irin wanda ake koyarwa a Islamiyya, don haka yaro kan tsinci kalma nan da can, sauran kuma fuskoki da kiɗa su cike masa. Ba sai ka iya nahawu za ka gane yaron da ke jin yunwa ba.

A taƙaice, mene ne labarin?

Shekarar 1875 ce, a wani ƙauye mai suna Sonogno da ke cikin duwatsun Ticino, yankin Suwizalan da ake jin Italiyanci. Romeo ɗan shekara 11 ne, iyayensa talakawan manoma. Wani dillalin yara mai suna Luini ya zo ƙauyen, ya nemi a sayar masa da yaron, uban ya ƙi. Sai Luini ya sa wa gonarsu wuta. Uban ya ji mummunan rauni wajen kashe gobarar, babu kuɗin kiran likita, Romeo da kansa ya je ya sa hannu a takardar aikin sharar bututun hayaƙi na wata shida a birnin Milan na Italiya don a samu kuɗin.

A hanya ya haɗu da Alfredo, wanda ya girme shi da shekara ɗaya. Jirgin ruwan da aka loda yaran a ciki ya kife a tafkin Maggiore cikin hadari, yara da dama suka halaka. A Milan aka raba waɗanda suka tsira ga iyayen gida daban-daban. Romeo ya faɗa gidan wani ubangida mai suna Rossi, inda matar gidan da ɗanta Anzelmo suka gasa masa aya a hannu, inda kuma ya samu Angeletta, yarinya mai ciwon zuciya da ba ta iya barin gado. Daga baya yaran da ke wannan sana'a suka haɗa ƙungiya, Baƙaƙen 'Yan'uwa, Alfredo ne shugaba, don su kare kansu daga gungun Kyarketai, yaran titi da Giovanni ke jagoranta.

Da gaske an taɓa sayar da yara haka a Turai, ko ƙirƙira ce?

Da gaske ne, kuma abin da ya faru ya fi abin da aka zana muni. Kwaruruwan da ke tsakanin kudancin Suwizalan da arewacin Italiya, irin su Verzasca, Centovalli, Vigezzo da Cannobina, wurare ne masu tsananin duwatsu, ƙasar noma kaɗan, hunturu mai tsawo. Idan sanyi ya kawo jiki, gidan da ke da baki takwas da abincin mutum biyar yakan ba da yaro ɗaya ko biyu ga wani ubangida, ya tafi da su biranen Lombardiya da Piyemonte, ba za su dawo ba sai bazara. Kuɗin da ake ba uban ba wani abin kirki ba ne. Babbar ribarsa ita ce an rage masa baki ɗaya a kan akushi.

Dalilin da ya sa yara ake nema, wani lokaci 'yan shekara shida ko bakwai, shi ne bututun hayaƙin gidajen birni matsattse ne, babba ba ya shiga. Yaron yakan rufe kansa da wani ƙyalle don kunkunniya, ya shiga daga murhu, ya riƙa hawa da gwiwa da gwiwar hannu da baya cikin duhu, yana kankare bango da ɗan ƙarfe. Idan ya kai ƙololuwa sai ya zuro hannu waje ya yi kira da ƙarfi, don ubangida da mai gida su tabbatar ya kai ƙarshe. Iyayen gida da yawa da gangan suke rage wa yaran abinci, saboda yaron da ya yi ƙiba ya daina amfani. Wurin kwanansu ɗakin ƙasa ne ko barga. Faɗowa, maƙalewa, ƙuna da ciwon ƙirji duk abubuwan yau da kullum ne a sana'ar.

Ba Italiya kaɗai ba ce. A Ingila, tun 1775 likita Percivall Pott ya gano cewa kunkunniya na jawo wa masu wannan aiki wata irin cutar daji, amma sai da aka ƙara shekara 100, bayan wani yaro mai suna George Brewster ya mutu a bututun wani asibiti a 1875, sannan aka yi dokar da ta kashe sana'ar yaran a can. Shekarar da aka ɗora labarin Romeo ke nan. Italiya ta yi dokar hana amfani da yara a sana'o'in yawo a 1873, kundin tsarin mulkin Suwizalan na 1874 ya wajabta karatun firamare kyauta, duk da haka yaran kwaruruwan nan sun ci gaba da sauka birni har cikin ƙarni na 20. Doka tana takarda, yunwa tana gida.

Katun masu maganar abota suna da yawa. Me ya bambanta wannan?

Wannan ce tambayar da na fi so, kuma amsata ita ce a nan abota aiki ce da ake gani da ido. Babu tsafi, babu wani ƙarfi da ke saukowa idan an ambaci sunan aboki. Abin da yaran suke da shi kaɗan ne ƙwarai: gutsuren burodi, ɗan lokaci bayan an tashi daga aiki, da kafaɗar da za a jingina. Daga cikin wannan kaɗan ɗin suke ba juna, shi ya sa kowace kyauta take da nauyi. Idan ɗaya ya kwanta ciwo, sauran su san yadda za su yi da shi. Idan an tare ɗaya a lungu, ya san akwai masu zuwa.

Babban abin da Alfredo ya ba Romeo shi ne ya sa ya ɗauki kansa da daraja. Romeo ya zo Milan bai iya karatu ba. Alfredo ɗan gidan sarauta ne da ya tashi cikin littattafai, amma ko sau ɗaya ba ka ganin ya raina abokinsa, sai ma ya riƙa yi masa magana kamar wanda ya tabbata akwai ranar da zai zama wani. Da wannan, da taimakon Angeletta da Farfesa Casella wanda ya buɗe masa ƙofar ɗakin littattafansa, Romeo ya fara haɗa baƙi. Shi kuma Romeo abin da ya ba Alfredo shi ne wurin sauke kaya. Alfredo yana ɗauke da sirri mai nauyi: baffansa Maurizio ya kashe masa iyaye a gobara, ya ɗora masa laifin, ya gudu da ƙanwarsa Bianca, ya sayar da kansa don ya kare ta. Yaron da kowa ke kallo a matsayin jagora yana bukatar mutum ɗaya da zai iya zama yaro a gabansa.

Sai kuma gaskiyar da shirin ke faɗa wa yara ba tare da ya sassauta ba. Lokacin da jirgin ya kife, Romeo ya ceci Luini daga ruwa, mutumin da ya ƙone musu gona. A wani katun ɗin, nan take mugu zai zubar da hawaye ya tuba. Luini bai fasa ba, ya kai shi Milan ya karɓi kuɗinsa. Yaron da ke kallo yana koyon abu mai ɗaci a wurin, cewa alheri ba ciniki ba ne, kana iya yi a ƙi biyanka. Haka shi ma Rossi: ba azzalumi ba ne a zuci, yana ma son Romeo, amma rago ne a gaban matarsa da kwalbarsa, kuma ragwancin nasa yana cutar da yaron kusan kamar yadda mugunta za ta cutar da shi. Ban san wani shirin yara da ya zana irin wannan babban mutum da kyau haka ba, mutumin da ya san daidai amma ba ya iya tsayawa a kai.

Su Kyarketai fa, miyagu ne?

Da farko haka suke, suna tare yaran bututu suna ƙwace musu ɗan abin da suka samu. Amma su ma 'ya'yan talakawan Milan ne da titi ya rena. Giovanni yana da irin tasa mutuntakar, ba ya son cin amana ko faɗan da ba na gaba da gaba ba, kuma wannan ce ƙofar da girmamawa ta shiga tsakaninsa da Alfredo. Nikita, yarinyar da ke shigar maza a cikinsu, tana cikin waɗanda mutuwar Alfredo ta fi girgizawa. A ƙarshe gungun biyu gefe ɗaya suka tsaya.

Dole ne sai Alfredo ya mutu? Ba za a iya barinsa ba?

Na ji wannan tambaya daga bakin manya masu 'ya'ya, kuma da zafi suke yin ta, kamar jiya abin ya faru. Tarin fuka ne ya kama shi. A 1875 ba a ma san abin da ke haddasa cutar ba, sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayarta, maganin farko mai aiki kuwa sai cikin shekarun 1940. Yaron da ke shaƙar kunkunniya kullum, ba ya ƙoshi, yana kwana cikin sanyi a hannun ubangida mashayi, idan wannan cuta ta kama shi, sai dai wani ikon Allah. Da marubutan sun warkar da shi, da sun yi wa dubban yaran da suka mutu a wannan sana'a ƙarya.

Abin da ke sa wurin ya yi ciwo shi ne yadda ya yi ta ɓoye ciwon iya ƙarfinsa. Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, shi kuwa Alfredo ya so ya ɗauke wa abokan kukansa wannan nauyin har sai ya gama abin da ke gabansa. Ya kuma gama: da taimakon 'Yan'uwa da Kyarketai ya isa gaban sarkin Italiya da lambar girman gidansu, ya wanke sunansa, ya kuɓutar da Bianca. Bayan nan, a kashi na 29, ya cika a gaban Romeo.

Shirin bai tsaya a nan ba, kuma wannan na cikin abin da nake yaba masa. Akwai sauran kashi huɗu. An nuna Romeo ya rushe har ya kasa komai, an nuna yaran suna fafutukar haɗa kuɗin da za a yi wa abokinsu jana'iza ta mutunci, an nuna Romeo ya karɓi shugabancin ƙungiyar ba don ya ji ya isa ba. Da wa'adinsa ya cika ya koma Sonogno. A ƙarshe mun gan shi ya girma ya zama malamin makaranta, ya auri Bianca, sun sa wa ɗansu suna Alfredo.

Daga wane littafi aka ɗauko shi?

Daga wani littafin Jamusanci mai suna Die schwarzen Brüder, wanda ya fito a juzu'i biyu a 1940 da 1941 da sunan Lisa Tetzner. Ita da mijinta Kurt Kläber sun bar Jamus a 1933 bayan 'yan Nazi sun hau mulki, suka zauna a ƙauyen Carona a Ticino. Tare suka yi aikin littafin, amma da yake shi ɗan gudun hijirar siyasa ne da hukumomin Suwizalan suka hana wallafa rubutu, da sunanta kaɗai ya fito. Mutanen da aka raba da ƙasarsu ne suka rubuta labarin yaran da aka raba da gida, kuma ana jin hakan a cikinsa.

Littafin da katun ɗin iri ɗaya ne?

A'a. A littafin sunan yaron Giorgio, kuma mahaifiyarsa ce ta ji rauni, iyayen suka ba da shi don kuɗin likita. Littafin ya fi duhu: Angeletta ba ta tsira ba, alhali a katun an gano jikar wata basarakiya ce, kakarta ta tafi da ita neman magani. Giorgio bai jira wa'adi ya cika ba, gudu ya yi da wasu abokansa suka tsallaka iyaka zuwa Lugano wurin likita Casella, kuma a can Luini ya shiga hannun hukuma. Zancen zuwa gaban sarki ƙarin Japanawa ne. A 2013 an yi fim na mutane daga littafin, Xavier Koller ya ba da umarni, Moritz Bleibtreu ya fito a Luini.

A ganina kowanne da inda ya fi. Littafin ya fi gaskiya game da sana'ar, katun ɗin ya fi zurfi game da Alfredo.

Me ya sa kashi 33 ne kawai?

Magabatansa a jerin sukan kai kashi 50 ko fiye. A shekarun 1990 farin jinin jerin ya ragu a Japan, kuma sau da yawa akan ɗage shirin a sa wasanni ko wani shiri na musamman a lokacinsa. Hakan ya sa labarin ya matse, ba shi da kashin cike gurbi sosai.

Me ya sa waƙar farkon take sa mutane hawaye har yanzu?

Waƙar Larabcin ba fassarar ta Japan ba ce, sabuwa ce. Tariƙ Al-Arabi Turgan ne ya tsara ta, Rasha Rizk ta rera, su biyun da muryarsu da kiɗansu suka cika yarintar duk wanda ya kalli Spacetoon. Ta Japan ɗin Hiroko Kasahara ce ta rera, ita ma tana da daɗi, amma wanda ya tashi da ta Rasha da wuya ya sauya. Waƙar tana da sanyi, ba ta da hayaniyar waƙoƙin katun na faɗa, kuma mai kallo ya ji ta sau da yawa kafin ya san abin da zai sami Alfredo. Bayan ya sani, ba ta ƙara zama waƙar da ya saba ji ba. Ina ganin rabin hawayen na Alfredo ne, rabin kuma na ɗakin da aka zauna aka kalla ne, da waɗanda aka kalla tare da su, waɗanda yau wasu sun yi nisa wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Wasu na cewa rayuwar almajirai ce sak. Haka ne?

Akwai kama ta fuskar yaro ƙarami a birnin da ba nasa ba, nesa da uwa, yana dogaro da 'yan'uwansa yara. Amma almajiri da sunan neman ilimi ya bar gida, kuma ba a karɓi kuɗi a kansa ba. Wanda ya fi kusa da Romeo a wajenmu ita ce 'yar aikatau: yarinyar da dillaliya ke ɗaukowa daga ƙauye ta kai gidan masu hali a birni, kuɗin aikinta ya bi ta hannun wasu, ta riga kowa tashi ta bi bayan kowa kwanciya, idan abu ya ɓace a gidan ita ce farkon wadda za a tuhuma. An yi wa Romeo wannan ƙazafin na sata a gidan Rossi, Anzelmo ne ya ƙulla masa. Yana da kyau wanda ya yi kuka saboda Romeo yana yaro ya duba ko akwai mai irin matsayinsa a cikin gidansa yau, ya kuma tambayi kansa ko tana zuwa makaranta.

Zan iya nuna wa 'ya'yana?

Ƙwarai, amma ku zauna tare da su, musamman idan ba su kai shekara takwas ba. Akwai dukan yara, akwai nutsewar jirgi, akwai mutuwa. Labarin a ƙasar Kiristoci yake, don haka coci da bukukuwansu suna fitowa a matsayin rayuwar mutanen wurin, kuma a fassarar Larabci an rage wasu abubuwa kamar yadda cibiyar Az-Zuhra ta saba yi don yaran Larabawa. Kada ku tsallake musu kashi na 29 don tausayi. Ku bari su yi kukan, ku amsa tambayoyin da za su biyo baya.

Idan na sake kallo yanzu da na girma, ba zai ɓata mini abin da nake tunawa ba?

Za ka ga abubuwan da ba ka gani ba da. Zanen na 1995 ne, da hannu aka yi shi, motsinsa bai kai na yanzu santsi ba, kuma akwai wuraren da sa'a ta yi yawa a labarin, kamar asalin Angeletta. Amma ginin bai tsufa ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne inda idonka zai koma. Da kana yaro Romeo kake bi. Yanzu za ka tsinci kanka kana kallon mahaifiyarsa lokacin da ta gane abin da ya sa wa hannu, da ubansa da ke kwance bai san da kuɗin me aka kira masa likita ba.

Sonogno gari ne na gaske? Akwai abin da ya rage na wannan tarihi?

Na gaske ne. Shi ne ƙauye na ƙarshe a can ƙuryar kwarin Verzasca, gidajensa na dutse suna nan, kuma daga Locarno, garin bakin tafkin da aka loda yaran a jirgi, mota na kai mutum. A ɓangaren Italiya, a garin Santa Maria Maggiore da ke kwarin Vigezzo, akwai gidan tarihi na masu sharar bututun hayaƙi, inda aka ajiye ƙarafan kankara, tufafi da hotunan yaran. A Malesco, kusa da nan, an kafa mutum-mutumin wani ƙaramin yaro mai wannan sana'a. Duk farkon watan Satumba masu sharar bututu daga ƙasashe da dama sukan taru a kwarin, su yi jerin gwano cikin baƙaƙen kayan aikinsu don tunawa da yaran da aka tura birni daga can.